Tulun Rauda Ya Koma Majami'a

Yau ni kam ko abinci ban iya ci ba don murna. Ƙanwata Rauda ta koma majami'a.

Mu Kirista ne, gidaje kaɗan a gefen Kebbe. Rauda daddawa taka yi, ta kai kasuwar Dogon Daji bisa babur. Amma abin da anka san ta da shi waƙa ne. Tun tana ƙarama ita ka ba da waƙa cikin zumuntar mata, tana buga tulu, mu muna amsawa. Har maƙwabtanmu Musulmi kan ce, "Yau Lahadi, mun ji Rauda."

Bara maƙoƙo ya fito mata a wuya. Anka yi mata aiki a Sakkwato, ta warke, amma murya ta tafi. In ta yi magana sai ka matso kusa. Ta kife tulun bayan ɗaki, wata bakwai ba ta taka majami'a ba.

Na yi lallashi har na gaji. Kullum amsa guda: "Yaya, raina ya ɓaci. Da mi zan yi sujada?"

Ran Alhamis Baba Na'iya, dattijon majami'armu, ya zo sayen daddawa. Tsoho ne mai tsokana.

"Ɗiyata, an ce kin yi yaji da Allah."

"Baba, raina ne ya ɓaci."

"Na ji. Ruhun fa?"

Tac ce ai duk ɗaya ne.

"Ɗaya? Tun da uwarki ta haife ki, kin taɓa jin Bahaushe ya ce ruhuna ya ɓaci?"

Ni ina tankaɗe, sai da na yi dariya. Gaskiya ban taɓa ji ba.

Yac ce, "Rai shi ka jin daɗi, shi ka fushi, shi ka son a ce Rauda ta iya waƙa. Ba laifi, Allah ya ba ki shi. Amma ruhu shi ka tsayawa gaban Allah, kuma likita bai taɓa shi ba. Ni shekara arba'in nika sujada da muryar jaki, ba a kore ni ba."

Rauda ta ƙulla mishi daddawa, har ta manta gyara.

Yau da safe na ji ana wanke wani abu bayan ɗaki. Tulun ne, zanzaro ya yi gida a bakinshi.

A majami'a wata ta ba da waƙa. Rauda ta zauna baya, tana bugu, leɓenta na motsi, ba mai jin ta.

Da munka fito nac ce, "Ran ya gyaru?"

Ta matso kunnena. "Bai gyaru ba, Yaya. Na taho da shi hakanan."