Buhun Hoto

Ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da muka yi tsere da wata tsohuwa a Kolere ba.

Lokacin ina aikin sa-kai a wata ƙungiya mai raba abinci ga waɗanda rikici ya koro daga duwatsun Michika. Muna da wani buhu fari tas da muke kira buhun hoto. Ƙaiƙayi ne a ciki, domin ogan da ke zuwa buɗe rabo yana fama da ciwon baya, ga shi da son a gan shi yana ɗaga kaya. Zai miƙa, a ɗauki hoto, mu karɓe, mutum ya zagaya bayan mota a ba shi shinkafar gaske.

Da layi ya zo kan wata tsohuwa mai riƙon jikoki marayu, oga ya miƙa mata. Ta saɓa buhun a kafaɗa irin ɗaukar matan dutse, ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba!

Oga ya sandare da murmushinsa. Ni kuwa a raina na hango ta ɗora tukunya, yara sun zagaye ta, ta kwance buhu ta ga ƙaiƙayi. Ni da direba muka kinkimi buhun gaske muka bi ta cikin taɓon damina muna ihu, "Mama, tsaya!" Ina! Nata ba nauyi, namu kamar gawa. Sai da rafi ya tare ta, ruwa ya cika, muka cim mata ta zauna daram a kan buhun.

Na ce ina haki, "Mama, wannan ba shinkafa ba ce. Ga taki."

Ta ce, "Ɗana, na ji ba nauyi. Amma wancan wata wasu sun ba ni mai nauyi, sun ɗauki hoto, sun karɓe, sun ce mu dawo gobe. Har yau gobe ba ta zo ba. Wannan ko menene a ciki, ya shiga hannuna."

Dariyar da nake dannewa ta mutu. Muka kai mata shinkafar har ɗaki, buhun hoto kuwa ta hana mu, wai za ta yi matashi da shi. Dole oga ya ɗaga na gaske, sau ɗaya, aka riƙe shi zuwa mota.

Tun ranar na gane cewa mai yunwa ba a ba shi a karɓe, ko da na minti ɗaya ne.