Idon ƙanena da kunyar suruki

Har yau in na tuna yadda idon ƙanena ya lalace, sai in ji zuciyata na tafasa. A rugarsu ta wajen Kurgu yana ɗaure bijimi, dabbar ta juyo da kai ta maka masa a gefen ido. Wurin ya kumbura suntum.

Ni ina Bagudo gidan mijina. Kafin labari ya iso ni, surukinsa, uban matarsa, ya ɗauke shi a babur zuwa wani ƙaramin asibiti. Tsohon nan bai tsaya a waje ba, ya bi shi har gaban likita ya tsaya masa a ka. To don Allah, wane Bafulatani ne zai ce wayyo a gaban surukinsa?

Likita ya ce, "Akwai ciwo?"

Ƙanena ya sunkuyar da kai. "Da sauƙi."

"Kana gani daidai?"

"Ina gani."

Ƙarya! Likitan ma biyu yake ganinsa, kuncin ƙanen nawa kuwa ya mutu, ko tsungulinsa aka yi ba ya ji. Asibitin ba na'urar hoton ƙashi. Suka ɗebi jininsa, suka duba maleriya, suka sallame shi da maganin ciwon jiki.

Sai bayan damina na je rugar. Na ga ya miƙa hannu zai ɗauki ƙwaryar nono, ya kama iska. Na ce, "Kai, mi ya samu idonka?" Sai lokacin ya faɗi gaskiya. Na ja shi babban asibiti a Birnin Kebbi. Hoto ya nuna ƙashin kogon idon ya karye, naman da ke juya ido ya maƙale a tsagar, ya warke a haka. Likitan can ya ce mun makara.

'Yata mai karatun gwajin jini ta ce mini ana binciken wasu alamomi a jini da za su iya sa likita ya zargi irin wannan karaya, ya tura mutum hoto da wuri. Na ce mata masu binciken su yi sauri mana. Ranar da aka kai shi ƙaramin asibitin nan ai jininsa na hannunsu cikin kwalba, shi kuwa jini ba ya jin kunyar suruki.

Yanzu ƙanena ba ya iya bin shanu zuwa ƙetaren Benin, wasu ke tafiya da garkensa yana zaune. Surukin nan kuwa, duk taron suna sai ya nuna shi yana alfahari, wai bijimi ya fasa masa fuska amma ko uffan bai ce ba.