Kaskon wutar da na ɓoye a ƙasar mutane

Assalamu alaikum ma'aikatan wannan mujalla da masu karatu. Na daɗe ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, yau dai na ce ko me zai faru sai na amayar da abin da ya tokare mini ƙirji. Don Allah ku rufa mini asiri, kada ku sa sunana.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara ashirin, haifaffiyar birnin Tawa, ɗiyar malamin lakwal, wato makarantar boko. Na ci jarrabawar bak ta gama sakandare da sakamako mai kyau, aka ba ni bursi, wato tallafin karatu, zuwa wata ƙasar Larabawa da ke bayan hamada in karanta aikin awon jini. A lokacin nan ba na ganin kowa da gashi. Bakina ya fi reza, ba a faɗa mini in yi shiru, kuma duk zancen da aka kawo na riga kowa saninsa. Innata ta sha gaya mini taurin kan nan nawa wata rana zai ɗora mini kayan da ba zan iya saukewa ba, ni kuwa sai in yi dariya in ce ai gado na yi.

Mu biyu muka tafi tare. Ta biyun 'yar wani ƙauye ce na wajen Barmu, mun yi lise, wato babbar sakandare, tare tana zaune gidan kawunta a Tawa. Siririya ce, shiru-shiru, ga ƙwaƙwalwa, kuma ita ce mace ta farko da ta kai wannan matsayi a garinsu. Ranar da za mu hau bas zuwa Yamai, mahaifiyarta ta zo tasha da ƙullin cuku da dakakken gero. Ta kama hannun ɗiyarta ta sa cikin nawa, ta ce ita ko sunan ƙasar da za mu ba ta iya faɗi ba, amma ta ji an ce ni 'yar birni ce idona buɗe yake, don haka ga amana nan, in kai ta in maido mata ita. Na daki ƙirji na ce Inna ta kwantar da hankalinta, ina raye ko ƙuda ba zai sauka kan ɗiyarta ba.

Da muka isa aka ba mu ɗaki ɗaya mai gado biyu a gidan kwanan ɗalibai mata, hawa na huɗu. Kai, watannin farko mun ɗanɗana kuɗarmu! Larabcin da muka ɗan tsinta a makarantar allo bai sayo mana ko gishiri ba, Faransancinsu kuma rabi ne, rabi wani abu daban. Burodi da safe, burodi da rana, burodi da yamma, har na fara mafarkin tuwon gero da miyar kuka. Ka gaida maƙwabciyarka ta dube ka kamar ka zo roƙo. A cikin bas yara su yi ta nuna mu, wata ta janye jakarta don mun zauna kusa da ita. Ƙawata haƙuri ta sa wa abin. Ta sayi ɗan littafi tana rubuta kalmominsu, ta koyi gaisuwarsu, har mai sharar benenmu ta fara kawo mata miya daga gida. Ni kuwa faɗa na sa a gaba. Duk wanda ya dube ni na ce raini ne, duk dokar da aka kafa na ce don mu baƙaƙe aka kafa ta. Ƙawata takan ce mini in aka je gari aka ga kowa da wutsiya sai a nemi tsumma a ɗaura, in ce mata ita ta ɗaura, ni ba da ni ba.

Cikin kayana akwai ɗan kaskon ƙasa da na saya a kasuwar Tawa, da kwalbar turaren wuta da innata ta haɗa mini. Na samo gawayi a wani shago kusa da masu gasa nama. Ranar farko da na hura shi, ɗakin ya ɗauki ƙamshin gida har ƙawata ta yi ƙwalla. Ba a jima ba sai ga matar da ke kula da benenmu, wata dattijuwa mai ɗaurarriyar fuska, tana dukan ƙofa. Ta fizge kaskon ta zuba masa ruwa, ta yi ta magana da ƙarfi, tana kama maƙogwaronta, tana nuna taga, tana lumshe ido tana karkata kai. Da ta fita da kaskon, ƙawata ta ce mini abin da ta gane shi ne, garwashi cikin rufaffen ɗaki kashe mutum yake, kuma matar ta ce ta taɓa gani da idonta. Na ce haba, mu za a koya wa wuta? Kakata duk ɗari da kaskon garwashi take kwana ƙarƙashin gadonta, ga ta nan ta tsufa tukuf tana cin goronta. Na ce warin jikinsu ne ba su so turarenmu ya tona, shi ke nan. Washegari na sami babban gwangwanin tumatir na huda shi da ƙusa, ya zama kaskona, na ɓoye cikin akwati.

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne ɗakin kakata na laka ne, ƙofarsa asabari, iska na shiga ta sama tana fita ta ƙasa. Ɗakinmu na can kuwa gilashi ne da roba a bakin taga, in ka rufe shi ka rufe kwalba. Ni da nake karatun jini, wallahi ko sau ɗaya ban haɗa wannan da wancan ba.

Sai sanyinsu ya sauko. Mu da muke cewa yankinmu na Adar na da ɗari, ashe wasan yara muke. Ƙanƙara ta rufe gari, bututun da ke ɗumama benenmu ya lalace, kullum a ce gobe za a gyara. Ƙawata ta fi ni shan wahala don ba ta da jiki. Duk tufafinta take sawa a lokaci guda, yatsunta suka tsattsage, in ta sami innarta ta wayar wani maƙwabcinsu ba abin da take faɗi sai sanyi. Daga baya mura ta kama ta da zazzaɓi.

Ranar wata Asabar da ba karatu, da hantsi, na ga tana rawar ɗari cikin bargo biyu haƙoranta na haɗuwa, zuciyata ta kasa ɗauka. Na fiddo gwangwanina na cika shi da gawayi, na hura har ya yi ja, na tura kusa da gadonta. Don kada dattijuwar nan ta ji wari, na jiƙa zane na toshe ƙasan ƙofa. Tagar kuwa dama mun liƙe ta da takarda. Ɗaki ya yi ɗumi, ta daina rawa, ta yi mini murmushi ta ce yau kamar tana ɗakin innarta. Can ta ce kanta ya yi nauyi, in ɗan buɗe taga. Na daka mata tsawa, na ce mai mura da iska ina haɗinsu, ta rufa mini baki ta yi barci. Ni ma kaina na sarawa, na ce yunwa ce. Na ƙara gawayi, na fita sayo mata magani, na kulle ƙofar ta waje don kada matar ta shigo ta gani.

Maganin bai ɗauke ni rabin awa ba. Amma a hanya na haɗu da wata ɗaliba 'yar ƙasarmu da ta daɗe tana roƙona kitso, ta ja ni ɗakinta ta ce ta dafa shinkafa da wake. Na zauna. Muka ci, muka yi kitso, muka yi gulmar Larabawa, ina ta ba da labarin yadda na yi wa dattijuwa wayo ana dariya. Sai da aka kira la'asar na tashi.

Na buɗe ƙofa na same ta kwance yadda na bar ta, hannu ƙarƙashin kunci, fuskarta fes. Na kira ta, na tsokane ta da cewa 'yar ƙauye ta sami ɗumi ta manta da salla. Na taɓa ta. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Abin da na yi bayan nan shi ne abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ban yi kururuwa ba tukuna. Na yage takardar taga na buɗe, na kwashi gwangwanin na juye tokar a makewayi, na cusa shi cikin shara, na ɗauke jiƙaƙƙen zanen, sannan na fita ina ihu. Likitoci sun ce ta daɗe da cikawa kafin in dawo, amma har gobe ina tambayar kaina, in da sauran numfashi a jikinta fa a mintocin nan da na tsaya gyaran laifina? Ɓoyon ma bai yi amfani ba, awon jininta ya faɗi komai. Dattijuwar da nake zagi ita ta riƙe ni a gidan likita ina faɗuwa, ita ta tsaya aka yi mata wanka, ko gori ba ta yi mini ba. A can aka binne ta, cikin mutanen da ba su san sunan garinsu ba.

Hukuma ta rubuta hatsari ne. Kawunta da ya karanta takardar ya ce a bar wa uwar zancen a kan zazzaɓi, kada a ƙara mata ciwo, shi ma bai san ni na hura wutar na kulle ƙofa ba. Da hutu ya zo na dawo, na hau motar kasuwa na tafi ƙauyensu gaisuwa. Na yi niyyar faɗin gaskiya, Allah ne shaida. Innarta ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura da hannunta, ta ce kada in yi kuka, mai abu ya karɓi abinsa. Sannan ta matso ta rage murya, ta ce abu guda ke hana ta barci, ɗiyarta kullum kukan sanyi take, don Allah in gaya mata, cikin sanyin nan ta cika? Na ce a'a Inna, na hura mata wuta, ɗakin da ɗumi. Sai matar nan ta ɗaga hannu sama ta yi ta sa mini albarka, ta ce yadda na ɗumama ɗiyarta Allah ya ɗumama ni da rahamarsa, ya ba ni 'ya'ya masu yi mini haka. Na ce amin.

Ban koma ƙasar ba. Na ƙarasa karatuna a gida, yanzu ina aiki a Tawa, na yi aure har da 'ya'ya biyu, amma garwashi bai taɓa shiga ɗakina ba, ko na turare. Abin da na koya shi ne baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, kuma ba duk tsawar da ɗan gari ya yi maka ba ce ƙiyayya. Raini akwai shi a ƙasar mutane, na gan shi, ba zan ƙaryata ba. Amma ni na tara raini da gargaɗi na zuba a buhu ɗaya na yar. 'Yan'uwana masu tafiya karatu waje, in an hana ku abu ku tambayi dalili kafin ku yi fushi. Kada ku shigar da garwashi rufaffen ɗaki komai sanyi, gubar da yake fitarwa ba ta hayaƙi, ba ta wari, barci kawai take sa mutum. Iyaye kuma ku gaya wa 'ya'yanku wannan tun a tasha.

Innar ƙawata tana nan da rai. Duk wanda ya zo Tawa daga garinsu sai ta ce a gaida mata ɗiyarta mai amana. Ku taya ni addu'a Allah ya ba ni ƙarfin zuciyar zuwa in gaya mata wace irin wuta ce take sa mini albarka a kanta.