Yarinyar da Inna Ta Kira Ayashe

Kafin in haifi ɗiyata na rasa yara biyu a ƙauyenmu da ke bayan garin Wad Haddad a ƙasar Sudan, dukansu ba su kai yaye ba. Shi ya sa da ta zo ban iya murna ba. Sai in zauna ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka.

Ranar suna liman ya raɗa mata sunan yanka, amma Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa faɗarsa ba. Ta ɗauki jaririyar ta ajiye a bakin juji, ta juyo, sannan ta ce wa maƙwabciyarmu ta je ta tsinto ta.

"Daga yau Ayashe ce," in ji Inna.

"Haba Inna! Jikarki za ki ce a yasar kamar shara?"

"Haka kakanninmu ka yi tun can ƙasar Sakkwato. In an nuna ba a son ɗiya, sai a bar muna ita."

Mijina ya ce camfi ne, rai yana hannun Allah. Ni ma na san haka. Tsoro ya hana ni musa wa Inna, amma bakina ya kasa furta sunan. "Yarinya" kawai nake ce mata.

Da damina, sauro ya cika magudanan ruwan gonakin auduga, zazzaɓi ya kama ta. Mijina yana can hawasha, gonar da yake nomawa, nesa da gida. Hanya duk taɓo, mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya ƙi shigowa. Na goya ta na taka har bakin kwalta, jikinta yana ƙona mini baya.

A cikin motar zuwa birnin Wad Madani ta shiɗe, idanu suka juye. Mata suka ɗauki salati. Na kira ta da sunan yanka, shiru. Sai na ji kaina ina ihu, "Ayashe! Ayashe, ki ji tausayina!"

A asibiti likita ya ce maleriya ce, ya sa mata ruwa, ya ce mu yi ta addu'a. Bayan la'asar ta buɗe ido ta nemi nono.

Yanzu tana makaranta. Ƙawayenta masu Larabci Aisha suke ce mata, don haka kunnensu ke ji. Kwanan baya ta tambaye ni ma'anar sunanta, na ce ta bari sai ta girma. Har yau, in ta makara dawowa, bakin babbar magudanar ruwan gonaki nake fara zuwa in duba, don tsoron ko ta faɗa ciki.