Ƙwayar da Inna Take Ba Ni da Fura

Assalamu alaikum. Masu cewa na samu duniya na ɓuya, ku huce. Jinya ce ta ɓoye ni. Na daɗe ina rubuta wannan ina gogewa, yau dai zan sake shi.

Abin ya fara da ɗan kumburi a wuya. Ina koyarwa a firamare nan Wudil, sai na lura muryata tana shaƙewa tun kafin a tashi tara. Daga baya haɗiyar tuwo ma sai da dabara. Aka ce maƙoƙo ne.

Da Inna, mahaifiyata, ta ji, ta rufe ɗakinta a Dagumawa ta tare a gidana. Maƙoƙo ne ajalin tata uwar tun zamanin Turawa, Inna tana goye. Ba ta san fuskarta ba, sunan ciwon kawai ta sani.

A Kano aka yi min aiki. Layin kati, hoto, ɗibar jini, a ce ku dawo wani mako. Sai da maigidana ya sayar da tumakinsa. Likita ya ce sun cire abin gaba ɗaya, kuma shi ne ke samar da wani sinadari da jiki ba ya tafiya sai da shi, don haka zan riƙa shan ƙwaya a madadinsa har ƙarshen rayuwata. A tagar karɓar magani, cikin turmutsutsu, abin da na ji shi ne: “Ɗaya kullum da safe.”

Inna ta karɓi kwalbar ta ƙulle a bakin zaninta. Kun san yadda muka tashi, ba a shan magani ciki wayam. Kullum sai ta dama min fura da nono mai kauri, ta aika a sayo awara, ta tsaya a kaina.

“Shanye tukuna, Auta. Maganin asibiti yankan hanji yake.”

Sai na ƙoshi take miƙo min ƙwayar.

Maimakon sauƙi, sai na fara lalacewa. Ana zafin bazara ina lulluɓe da bargo. Fuskata ta kumbura, gashina yana bin mataji. Barci a aji, barci a kan sallaya. Wata rana na tsaya gaban allo na manta sunan yarinyar da na shekara ina koyarwa. Na ji tsoro ƙwarai, na ɗauka hankalina ne ke tafiya.

Gwaji ya nuna sinadarin ya yi ƙasa. Wani likita ko ɗago kai bai yi ba ya ce, “Tsallake magani kike.” Raina ya ɓaci. Ni da ake tsare ni kamar ɓarauniya a kan ƙwayar nan? Ya ƙara min ƙarfinta, muka fito.

Ana haka na samu ciki, na farko bayan shekaru muna jira. A wajen awo aka ba ni maganin ƙarin jini. Inna ta haɗa su duka, ina afawa lokaci guda bayan na sha fura.

Cikin bai zauna ba.

Wannan ba zan tsawaita shi ba. Har yanzu yana min ciwo.

Da Allah ya sake ba ni wani, ko murna na kasa yi. Kullum ina duba zanina. Wannan karon muka dace da wata likita mai haƙuri. Ta dubi sakamakon gwajin, ta ajiye, ta ce in kwatanta mata safiyata, tun daga tashi.

Inna ta riga ni, har da ɗan alfaharinta.

“Ai likita, ni nake ba ta da hannuna. Ko sau ɗaya ba ta taɓa sha da yunwa ba. Fura da nono, awara, sannan in haɗa mata da na ƙarin jinin.”

Likitar ta juya wajen Inna. Sannan a hankali ta ce, “Mama, wannan ƙwayar daban take. Ciki wayam take so, da ruwa zalla. Nono da waken suya da maganin ƙarin jini duk suna tare ta, jiki ba ya samun yadda ya kamata.”

Inna ta dube ni, sannan ta dubi likitar.

“To... cikin da ya zube fa?”

“Ba wanda zai iya cewa ga dalili, Mama. Ɓari yana da sanadi da yawa. Ke kulawa kika yi.”

Har muka haye gadar Wudil Inna tana kallon waje ta tagar mota.

Daga ranar na koma sha da na idar da sallar asuba, karin kumallo sai rana ta fito sosai, na ƙarin jini kuma sai bayan azahar. Ana yawan gwada jinina ana daidaita ƙwayar. Sanyin ya sake ni, kaina ya dawo. Watan jiya na sauka lafiya, mace. Alhamdulillahi. Na gode wa likitar nan, da maigidana, da malaman da suka riƙe min aji.

Masu shan irin wannan ƙwaya, ku tambayi likita yadda ake shanta, kar ku tsaya a sau nawa kawai. Ku faɗa masa duk abin da kuke sha, har na gargajiya. Kar ku daina don kun ji sauƙi, kar ku sam wa maƙwabciya. Da kin samu ciki, ki koma a gwada ki da wuri. Kuma ku shiga da mai jinyarku, ta ji da kunnenta tun ranar farko.

Sannan ina roƙon addu'arku ga Inna. Ita ke wanka wa jaririyar, ita ke goya ta, amma ta daina dama fura a gidan nan. Jiya tana shafa mata mai, ba tare da ta dube ni ba, ta ce, “Auta, da yanzu tana da wa ko ya.”

Na ce mata likita ta ce ba laifinta ba ne. Ta ce ta ji.

Na san ba ta yarda ba.