Ɓeran Malam Bahago

Sunansa na yanka Yakubu, amma ka shiga unguwar Kwarbai a birnin Zariya kana neman Yakubu sai ka yini ba wanda ya nuna maka gida. Malam Bahago kowa ya sani. Abin haushin shi ne sunan kawai aka bar masa, hannun kuwa tun yana ɗan shekara biyar aka ƙwace. Ya miƙa hagu cikin akushi, a buge. Ya ɗauki alƙalami da hagu, a buge. Haka ya girma yana ci da dama, yana rubutu da dama, rubutun da shi kansa sai ya yi da gaske yake karantawa. Shi ya sa da ya samu aikin akawu ya rungumi tafireta hannu bibbiyu, don ita ba ruwanta da wane hannu ya buga ta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana buga takardu a ofis ɗaya da Nasidi, ɗan ƙanwar mahaifinsa. Taubasai ne, kuma ba wanda ya taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki. Nasidi ya ce masa mai hannun aro, shi ya ce wa Nasidi bawan gidanmu. Da suka yi ritaya suka kama shago kusa da Ƙofar Kuyambana, suka sa tsohuwar kwamfuta guda ɗaya da kujeru biyu, suna buga wa mutane takardun neman aiki da katin ɗaurin aure. A shekarar 1996 ke nan.

Madannan ba su ba shi wahala ba. Maus ne ya zame masa ƙarfen ƙafa, ɗan abin nan mai wutsiya da ake ja a kan tebur, wanda shi ɓera yake ce masa. Ya kama shi da dama, kibiyar ta yi gabas alhali yamma ya nufa. Nasidi ya yi mako guda yana masa dariya. Ran nan da safe sai ga Nasidi da wani maus a leda, an ɗiga masa jan fenti a gadon baya. Ya ce daga Legas ya sa aka kawo, Turawa ne suka ƙera shi musamman domin masu irin lalurarsa, jan ɗigon nan kuma hatimin kamfani ne. Ya ajiye masa a hagun tebur. Malam Bahago ya ɗora hannu, ya danna da ɗan ali, takarda ta buɗe. Yana da shekara sittin da biyu aka fara ba shi wani abu domin hannunsa na hagu. Bai yi godiya ba, taubashi ba ya godiya. Cewa ya yi fentin ma ba shi da kyau.

Bayan shekara biyu Nasidi ya kwanta ciwon kwana huɗu, ya rasu. Matar Malam Bahago, Batulu, ta riga Nasidi rasuwa da daɗewa, 'ya'yansa biyu kuma aiki ya kai su Kaduna. Ya zama daga gida sai masallaci sai shago. Kowa na gaishe shi da ladabi, har da rusunawa, kuma ladabin nan shi ya fi cin ransa. A duk birnin Zariya ba sauran mai zaginsa. Kujerar Nasidi tana nan, ko shago ya cika bai yarda a zauna a kanta.

Ni Jalo, gyaran kwamfuta nake yi, kuma nan na shigo labarin. Da daminar 1999 aka yi wata tsawa da rana tsaka ta ƙone masa babban allon da ke cikin injin. Na samo wani na sa, amma Windos ɗin da ke ciki, tsarin da ke tafiyar da injin, ya ƙi amincewa da baƙon allo, yana kunnuwa yana tsayawa a hanya. Na gaya masa ba makawa sai an share an zuba sabo. Fuskarsa ta canza. Ya ce shi dai so yake injin ya dawo yadda Nasidi ya bar shi, ko allura kada ta gusa.

Na ce wannan ai ƙaramin alhaki ne, ya rubuta min duk abin da yake so a kiyaye. Ya zauna ya rubuta, da dama, a hankali. Haruffa masu lanƙwasa da suke buga Hausa da su. Samfurin katin aure guda tara. Girman rubutu, saboda idonsa. Koren launin fuskar injin, wanda Nasidi ya zaɓa shi kuma ya tsana. Na kwashe duka a flopi bakwai, faifan ajiya na wancan zamanin, ina bi ina sa alama, ina jin kaina gwani. Maus ɗin kuwa bai rubuta shi ba. Zare shi ya yi, ya naɗe a hankici, ya sa a aljihun 'yar shara ya tafi da shi sallar azahar, kada ya ɓace a hannun masu gyara.

Ni kuma ban tambaya ba. Na ga wayar maus ɗin ta fito ta hagun tebur, na ga mai shagon Bahago ake ce masa, ban haɗa biyu da biyu ba. Wanda ya ce ya iya, shi ake ji wa tsoro.

Kafin la'asar na gama. Kore ya dawo, ƙa da ɗa da ɓa suka dawo, katunan aure tara cif. Ya warware hankicinsa ya ba ni na jona. Ya ɗora hagu ya danna da ɗan ali. Maimakon takarda ta buɗe, sai wani ɗan jerin rubutu ya faɗo gefen kibiyar. Ya sake dannawa, ya sake faɗowa. Ya ɗaga maus ɗin ya duba cikinsa, ya hure shi, ya goge jan ɗigon da babban yatsa.

"Tsawar ta taɓa shi," in ji shi, murya can ƙasa. "Injiniya, ana samun irinsa kuwa yanzu a Legas?"

Nan ya kamata in yi shiru, in ce ya ba ni minti ɗaya in lallaɓa shi. Amma bakin mai sana'a ba ya riƙe abin da ya sani. Na yi dariya, na ce babu wani maus na bahago a nan, wannan irin na kowa ne, akwai guda shida a jakata. Na buɗe masa wurin saiti na nuna masa ɗigo biyu, ɗaya an rubuta dama, ɗaya hagu. Na ce wani ne ya taɓa danna masa na hagun nan, shi ke nan.

Ya daɗe yana kallon gilashin.

"Fentin fa?"

"Fenti ne kawai, Baba."

Na kai hannu zan danna masa, ya riƙe min wuyan hannu. Ya tambaya ko dannawar farko, wadda Nasidi ya yi, tana cikin flopin nan bakwai. Na ce a'a, ta tafi da abin da aka share. Ya ce to ba za a iya dawo da ita ba? Na ce sabuwar da za a yi daidai take da waccan, ba bambanci. Ya girgiza kai, ni kuma kunya ta rufe ni. Abu ɗaya ya roƙe ni in kiyaye masa, shi ne na share da hannuna, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Shi ya yi da kansa. Ya ja kibiyar da hagu, ya kai ta kan ɗigon, ya lalubi maɓallin da yatsan tsakiya ya danna. Ya gwada da ɗan ali, takarda ta buɗe.

Sai kafaɗunsa suka fara motsi. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har da riƙe ciki. Shekara uku yana ɗaukar abin nan kamar ƙwai, yana hana kowa taɓawa, yana ba abokan ciniki labarin Turawan da suka tuna da bahagwai. Ya juya ga kujerar da ke gefensa, idonsa ya cika da ruwa.

"Maƙaryaci," ya ce. "Bawan gidanmu, daga Legas ko?"

Zagin taubashi ba ya tafiya a banza, dole a rama. Ya tsaya yana kallon kujerar, kansa a ɗan karkace, yana jira. Na tattara flopina a hankali na sa takalmi. Da na waiwaya daga bakin ƙofa, bai juyo ba tukuna.