Layin da Baba Dakta Ya Hana a Goge

Har gobe ba zan manta da safiyar da aka dawo mana da kundin manhajarmu ba. Shekarar da sojoji suka koma bariki ce, farar hula suka karɓi mulki. Lokacin ina ƙaramin malami a sashen kimiyyar sarrafa abinci na wata kwaleji a kudancin garin Kaduna, kuma ni ne sakataren kwamitin manhaja, don a al'adar ofis ƙaramin ciki ake ɗora wa rubutu.

Ku da kuka kama aiki yanzu kun tarar da digiri a sashen nan, sai ku ɗauka haka aka halicce shi. A da difloma kaɗai muke bayarwa. Muna neman izinin fara digiri ne a ƙarƙashin wata jami'a, kuma ƙa'idar ita ce mu rubuta kundi, a kowane kwas mu faɗi abin da ɗalibi zai iya idan ya gama. Jami'a ta duba, in ta gamsu ta turo tawaga ta ga kayan aikinmu. In kuwa kundin bai samu shiga ba kafin majalisar jami'ar ta zauna, sai baɗi. Ga ɗalibanmu da suka gama difloma suna jira, wasu har sun ƙi neman gurbi a wani wuri saboda mun ce musu abin ya kusa.

Kundin ya dawo jajawur da jan biro. Farfesar da ta duba shi ta bi shafi shafi, duk inda muka ce ɗalibi "zai fahimci" abu kaza, ko "zai san muhimmancin" abu kaza, ta zagaye. Da Turanci ta yi mana tambaya ɗaya a gefen shafin farko, ma'anarta ita ce: me ɗalibin zai yi a gabanku har ku san ya fahimta? Mako uku ta ba mu.

Da fari mun ji haushi, daga baya muka ga matar tana da gaskiya. Fahimta a cikin kai take, ba mai ganinta. Sai muka zauna muna sauyawa. Inda muka ce zai fahimci yadda madara ke lalacewa, muka mayar da shi zai auna tsamin madara, ya faɗi ko ta shawu ko ba ta shawu, ya kawo dalili. Da hannunmu ya faɗa, aiki ya yi ta tafiya, har muka iso layin Baba Dakta.

Dakta Bala ne sunansa, amma ba mai kiransa haka. Shi ne shugaban kwamitin, kuma rabinmu shi ya koyar da mu. Kullum daga Unguwar Sanusi yake zuwa a kan tsohuwar besfarsa, aljihunsa cike da soyayyar gyaɗa da yake raba wa duk wanda ya gaishe shi. A shafin da ke bayyana irin mutumin da digirin zai yaye, shi ya rubuta da hannunsa cewa wanda ya gama zai zama mai gaskiya da riƙon amana a aikinsa. Farfesa ta ja layi a kai, ta rubuta: wannan ba ya aunuwa, a cire.

Na ce, "Baba, wannan kam sai dai mu cire."

Ya ce, "Kabiru, abin da mutane za su sa a cikinsu muke koya wa yaran nan yi. In ka cire layin nan, sauran shafukan duk littafin girki ne."

Aka yi ta ja. Wani malami ya ce ai yanzu dimokuraɗiyya ake, a kaɗa ƙuri'a. A shekarar kowa ɗokin ƙuri'a yake, ko shayi za a sayo sai an ɗaga hannu. Kowa ya goyi bayan a cire, har da ni. Baba ya dube mu ɗaya bayan ɗaya yana murmushi.

Ya ce, "Kun yi rinjaye, ban musa ba. Sai dai shugaban kwamiti ne zai sa hannu a kundin, ni kuwa kwana biyun nan hannuna ciwo yake."

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Saura kwana tara, kuma da safen nan wata ɗaliba ta tare ni a bakin ƙofa tana tambaya ko ta ci gaba da jira. Bayan an tashi na bi shi ofis, na faɗa masa magana mai zafi. Na ce yana so ya jawo wa yara asarar shekara saboda jimla ɗaya. Bai yi fushi ba. Ya ce in zo da wuri gobe, in riƙo littafina.

Washegari ya ɗora ni a bayan besfa muka nufi unguwar Kudenda, wurin wata masana'anta da ke yin lemon kwali. Shugabar ɗakin gwaje-gwajensu tsohuwar ɗalibarsa ce, Madam Rifkatu, 'yar kudancin jihar nan, mace mai kaifin ido da ma'aikata ke shakka. Tana ganinsa ta cire safar hannu ta rusuna.

"Baba, da kanka? Ai da ka aiko na zo."

Ya ce, "Ni ke da tambaya, ni ya kamata in taso. Rifkatu, yaran da muke turo miki koyon aiki, ta yaya kike gane mai gaskiya a cikinsu?"

Ba ta ko yi tunani ba. Ta jawo wani dogon littafi da ake rubuta awon kowane rukunin lemo kafin a sake shi kasuwa, ta buɗe mana.

Ta ce, "A nan nake ganewa, Baba. Wata rana awo zai fito ba daidai ba, ga motoci a waje suna jira, ga manaja yana leƙowa. Wani yaron ya san lambar da ake so, sai ya rubuta ta. Wani kuma sai ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya sake awon, in ya sake fitowa haka ya zo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ni ban san zuciyar kowa ba, Allah ne ya sani. Amma wannan kam ina gani."

Baba ya juyo ya ce, "Kabiru, rubuta."

A tsaye na rubuta, littafin a kan wata ganga. Ɗalibi zai rubuta sakamakon gwaji yadda ya fito ko da ya saɓa wa abin da ake tsammani, ya maimaita gwajin, ya kai rahoto a rubuce ga na gaba da shi. Madam Rifkatu ce ta ba mu hanyar aunawa. Ta ce a jarrabawar gwaji mu gurɓata wasu daga cikin samfuran da gangan, mu sanar da ɗalibai tun farkon shekara cewa hakan na iya faruwa, amma kada mu faɗi wanne ne.

A hanyar dawowa na ba shi haƙuri. Ya ce, "Farfesa ta yi gaskiya, jimlata ba ta aunuwa. Ni kuma na san abin da nake nufi yana nan, ban dai san yadda zan nuna shi ba." Da kansa ya goge tsohon layin, ya sa sabon, ya sa hannu. Kundin ya samu shiga, tawaga ta zo, muka fara digiri a shekarar.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne ranar da muka fara gwada wannan jarrabawar. Ɗaya daga cikin samfuran da aka gurɓata ya faɗa hannun Hauwa, ɗalibar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin, ita ce ma wadda ta tare ni a bakin ƙofa. Ina tsaye ina kallonta. Ta auna, ta dubi ma'aunin, ta dubi agogo, sannan ta rubuta lambar da ke cikin littafin karatu. Ta faɗi wannan ɓangaren.

Da sakamako ya fito ta zo ofishin Baba tana kuka. Ta ce ba ƙarya ta yi niyya ba, ta ɗauka ita ce ta yi kuskure, kuma ta ji kunyar a ce Hauwa ba ta iya awo ba. Na so a yi mata sassauci, na ma faɗa masa a gabanta. Ya girgiza kai.

Ya ce, "'Yata, na yarda da ke. Yawancin masu yin haka ba mugaye ba ne, kunya ce da tsoro. Gara ya same ki a nan, inda abin da zai lalace maki ne, ba cikin ɗan wani ba. Ki maimaita, ni zan tsaya miki."

Ya kuwa tsaya. Duk ranar Laraba yana shiga ɗakin gwaji da ita har ta sake zaman jarrabawar ta ci. Yau ita ke duba ingancin kaya a wani kamfanin fulawa, kuma na ji an ce ba a iya tanƙwara ta.

Baba ya yi ritaya bayan an yaye rukunin farko, ya rasu ba da daɗewa ba. Allah ya jiƙansa. Ni kuma na shekara da yawa ina zama a kwamitocin manhaja, har na zama mai riƙe jan biron da kaina. Abin da na koya shi ne, in aka ce maka abu ba ya aunuwa, kada ka yi saurin gogewa, kada kuma ka dage a bar shi yadda yake. Tashi ka je wurin wanda ke karɓar ɗalibanku aiki, ka tambaye shi yadda abin yake idan ya gan shi. Kuma in kun ga dattijo ya kafe a kan layi ɗaya alhali kowa na sauri, ku tambaye shi abin da yake karewa kafin ku ƙirga hannuwa.